Golf Ta 1989 Da Ta Shekara Takwas A Ajiye: Daga Ina Za A Fara In Tsere Ake So?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohuwar Golf 2 GTI ta 1989, mai inji 1.8 bawul takwas. Ta shekara takwas a ajiye, amma da muka sa mata batir muka zuba fetur sai ta tashi. Burina in gyara ta in riƙa shiga ƙananan gasannin tsere na masu sha'awa, kuma kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba. Shirina in sa turbo, in sauke ta ƙasa sosai, in sa manyan rim, in yi mata fenti. Wani mai walda kuma ya ce zai haɗa min kejin ƙarfe a ciki da bututun ruwa mai kauri. Akwai ɗan tsatsa a ƙasan ƙofofi amma ina ganin ba wani abu ba ne. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mota dai ka zaɓa da kyau. Golf 2, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1992, nauyinta kusan tan ɗaya ne, injinta yana ba da ƙarfin doki 107 zuwa 112 gwargwadon samfurin, kayan gyaranta suna samuwa, kuma tana yi wa mai koyo haƙuri. Jerin ayyukanka ne yake a kife. Abin da ka ce ba wani abu ba ne, shi ne zai yanke hukuncin ko za a yi aikin ko za a fasa. Abubuwan da ka sa a gaba kuwa, wasu sai ƙarshe, wasu ma a bar su.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, nemi littafin dokokin gasar da kake son shiga ka karanta shi kaf. Tseren masu sha'awa kala-kala ne. Akwai na zagaye robobin da ake jerawa a fili, mota ɗaya a lokaci guda ana auna mata lokaci, wanda galibi mota mai lafiya da hular kwano sun wadatar. Akwai ranakun da ake buɗe filin tsere don atisaye. Akwai hawan tudu da gajeren tsere da agogo. Sannan akwai rali da tseren da motoci ke gogayya kafaɗa da kafaɗa, waɗanda ba a shiga sai da keji da lasisi da cikakkun kayan kariya. Kowace gasa tana raba motoci aji-aji bisa girman inji da yawan sauyin da aka yi wa mota. Da zarar ka liƙa turbo, dokoki da yawa za su ƙara girman injinka a lissafi su jefa ka ajin motocin da aka kashe wa ninkin abin da ka kashe sau da yawa. In kuma gasar motocin tarihi ce, masu bin kundin dokoki na Appendix K na FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, sai da kayan zamanin motar, turbo ma ba ta shiga zance. Dubi gasar 24 Hours of Lemons ta Amurka, wadda aka kafa don tsofaffin motoci masu araha: an ƙayyade kuɗin mota kada ya wuce dala 500, amma an cire birki da tayoyi da kayan kariya daga wannan lissafin. Masu shirya ta sun san inda ba a yin tsimi.

Yanzu tsatsa. Ka ɗaga motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Ka fitar da kujeru da kafet, ka cire robobin bakin tayoyi da na gefen ƙofa da GTI ke zuwa da su, don a bayansu laka ke kwanciya. Ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma da maganaɗisu. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi in an ƙwanƙwasa, ruɓaɓɓe kuma sai ka ji dum, sukundireba ta nutse. Inda maganaɗisu ya ƙi kamawa, bodifila aka cusa aka shafe da fenti. A Golf 2 wuraren da za ka bi su ne dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, wuraren sa jak, ƙasan mota ta wajen ƙafar direba, mazaunin batir, kewayen gilashin gaba, bakin wurin zuba fetur, kawunan shokazoba gaba da baya, da wurin da gatarin baya ya kama bodi. Ƙarfen ƙasan ƙofa daga ciki yake ruɓewa, saboda ruwa yana taruwa in ramukan tsiyaya sun toshe. Ɗan kumburin da kake gani a fenti, abin da ke bayansa ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba.

Dalilin da ya sa muka nace a nan: wannan motar ba ta da shasi daban, bodin ne shasin. Shokazoba da gatari da kujera da bel da keji duk a jikin wannan ƙarfen suke. Taya mai kamun ƙasa da sifirin mai tauri suna ɗora masa nauyin da bai taɓa gani a titi ba. In ramuka ne a ƙasan mota da ƙasan ƙofa, wannan gyara ne na yau da kullum. In kuwa ka tarar kan shokazoba da mazaunin gatarin baya da ƙarafan da ke riƙe inji duk sun ci, ko ka auna kusurwa zuwa kusurwa ka ga motar ta karkace saboda tsohon haɗari, ka nemi wani bodin mai lafiya ka mayar da wannan ta kayan gyara. Zai fi maka sauƙi.

In za a gyara, a yanke har sai an kai ƙarfe mai sheƙi. Ba a ɗora faci a kan tsatsa, danshi zai maƙale a tsakani ya ci gaba da aikinsa. Kaurin sabon ƙarfe ya dace da na asali: milimita 0.8 zuwa 1 a fatar bodi, 1.2 zuwa 2 a wuraren ɗaukar nauyi. Waldar MIG da waya mai milimita 0.6 ita ce daidai, ɗigo-ɗigo ana tsallakawa ana barin wuri ya huce, don kada zafi ya lanƙwasa faifan. Inda kamfani ya yi waldar ɗigo, a huda ramuka na milimita 6 zuwa 8 kowane santimita uku a cike su. Kafin a yanke ƙarfen ƙasan ƙofa a tokare bakin ƙofar da sandar ƙarfe, kuma a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, in ba haka ba bodin zai sauka ƙofa ta daina rufuwa. A cire batir da kwamfutar inji, a janye bututun fetur daga wurin, a ajiye abin kashe gobara kusa. Bayan walda sai fenti na farko mai hana tsatsa, a toshe bakin haɗi, a fesa kakin kariya cikin kogunan. Fentin ado na waje kuma ya jira. Motar tsere tana shan tsakuwa da gogayya, fenti mai sauƙin taɓawa ya ishe ta.

Maganar kuɗi a taƙaice: ware kashi ɗaya bisa uku na abin da ke hannunka kada ka taɓa shi a gyara. Na kuɗin shiga gasa ne da lasisi da fetur da tayoyi da birki da ɗaukar mota in ta lalace. Ka kuma sani inshorar titi galibi ba ta biyan abin da ya faru a filin tsere. Tsofaffin motoci da yawa sun ƙare a gareji an gama musu komai, mai su ba shi da na shiga gasa.

Inji. Tunda ya tashi, alhamdulillahi, amma kada ka sake tayar da shi sai ka canza tayimin bel. Roba ce, shekaru suna cin ta ko da mota ba ta motsa ba. A canza shi tare da abin ɗaure shi, da famfon ruwa, da fanbel. A zubar da tsohon baƙin mai da filta, injin yana cin kimanin lita huɗu. A zuƙe tsohon fetur daga tanki, don wanda ya daɗe yana zama kamar danƙo ya toshe famfo da nozul. Motar tana da famfon fetur biyu, ƙarami a cikin tanki da babba a ƙarƙashi. In ƙaramin ya mutu babban zai riƙa kuka, mota ta riƙa shaƙewa in ta yi zafi ko a kwana. Duk tiyon fetur na roba da ke wajen tanki a sauya shi da wanda aka rubuta SAE J30 R9 a jikinsa. Na kafireta ba zai jure matsin kimanin bar 3 da wannan tsarin ke aiki da shi ba, kuma fetur mai ethanol yana cinye tsohuwar roba.

Daga nan sai a auna lafiyarsa kafin a yanke shawarar buɗe shi. A bar shi ya yi zafi, a cire fulogi huɗun, a kashe wuta da famfon fetur, a take totur har ƙasa, a auna matsin kowace silinda. Lafiyayye yakan ba da bar 10 zuwa 13, kuma abin da ya fi muhimmanci su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi goma cikin ɗari sosai. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba mata ƙaramin cokali na baƙin mai ka sake aunawa. In ta hau, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ɗin tof silinda ya ƙone a tsakaninsu. Sai matsin baƙin mai da geji na gaske: bar 2 aƙalla a juyi 2,000 idan man ya kai digiri 80. In waɗannan biyun sun fito daidai, kada ka buɗe injin. Ka bar shi yadda kamfani ya yi shi.

Abin da ke kashe irin wannan injin a tsere abu biyu ne, zafi da yankewar mai. Minti ashirin a filin tsere, totur a ƙasa, ya fi tafiyar yini a titi wahala. Lagireton da ya shekara talatin ya toshe rabi, a sa sabo. A canza tamostat, kada a cire shi gaba ɗaya kamar yadda wasu ke yi, a canza murfin tankin ruwa da makunnin fanka da duk tiyoyin ruwa da mahaɗan roba da ke jikin tof silinda, waɗanda ke tsagewa ba sallama. Akwai kuma ƙaramin lagireton hita a bayan dashbod. A Golf 2 an san shi da fashewa, ya watsa tafasasshen ruwa a ƙafar direba, tururi ya rufe gilashi. Tunda za ka buɗe cikin motar, canza shi. Duba dokar filin ma, wasu ba sa yarda da ruwan sanyaya inji mai glycol saboda santsinsa in ya zube, sai ruwa da maganin tsatsa.

Yankewar mai kuwa a doguwar kwana take faruwa. Man yana tattaruwa gefe ɗaya na kaskon ƙasa, famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa biyu ko uku, metal ya gogu a bushe. Ba a jin komai a ranar, sai bayan 'yan fitowa inji ya buga. Maganinsa kaskon mai mai shinge a ciki, man kuma a cika shi har layin sama kafin kowace fita. Sa gejin zafin mai da babbar jar fitilar matsin mai a inda ido zai gani. Digiri 90 zuwa 120 lafiya lau ne. In yana haura 130 a kai a kai, lokacin sa na'urar sanyaya mai ya yi, mai tamostat.

Giyabos ɗin, wanda ake kira 020, yana da halaye uku. In mansa ya yi ƙasa giya ta biyar ce ke fara ƙonewa, don haka a zuba sabon 75W-90 GL-4, kimanin lita biyu, a toshe duk yoyo. Akwai sandar kuloci da ke ratsa tsakiyarsa, in silinta ya lalace man giya yana bi ya jiƙa kuloci. Sannan kusoshin da suka riƙe babban haƙorin difaransha suna iya tsinkewa su huda kaskon giyabos. Ba sai ka sauke shi don wannan kaɗai ba, amma ranar da aka buɗe shi a maye su da noti masu ƙarfi. 'Yan robobin sandar giya kuma ka canza su duka, ba su da tsada, kuma su ne ke sa a nemi giya ta uku a faɗa ta ɗaya.

Birki ne wurin da ya kamata ka zauna. Man birki yana shan danshin iska, kuma gwargwadon ruwan da ya sha, gwargwadon saurin tafasarsa. Ƙa'idar man birki ajin DOT 4 ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 yana sabo, amma in ya jiƙa digiri 155 ne. Na motarka ya shekara takwas aƙalla. In ya tafasa a kalifa sai ya zama tururi, tururi kuma yana matsuwa, sai ka taka birki a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya ƙafarka ta tafi har ƙasa. A wanke tsarin duka da lita ɗaya na DOT 4 mai jure zafi, irin su ATE Typ 200 ko Motul RBF 600, a riƙa sabunta shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Kada DOT 5 ya ruɗe ka, na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran. DOT 5.1 kuma yana haɗuwa da 4.

Bi bututun ƙarfe daga gaba har baya, musamman saman gatarin baya da ƙarƙashin maƙalai. Wanda ya yi tsatsa a sauya shi da na tagulla da nikel mai milimita 4.75, a yi masa baki irin na asali. Ba a yin faci a bututun birki. Tiyoyin roba a sa masu saƙar ƙarfe. A kwance kalifa huɗun a sa sababbin sil. Na baya sun shahara da maƙalewa ta wajen hambirki, kuma fistin ɗinsu murɗa shi ake yi yana shiga, in ka danna shi da ƙarfi ka lalata shi. Diskin gaba na milimita 239 ya isa mafari in an haɗa shi da fad na tsere mai matsakaicin zafi. Fad ɗin titi in ya yi zafi feda tana nan da tauri amma mota ba ta tsayawa, wannan daban yake da tafasar mai, kuma sanin bambancin zai hana ka sayen abin da ba shi ne matsalar ba. Sabon fad sai an zaunar da shi: taka birki da ƙarfi daga kilomita 100 zuwa 30 sau takwas ko goma ba tare da ka tsaya cak ba, sannan ka yi tafiya ya huce.

Akwai wani ɗan bawul a jikin gatarin baya mai sifirin, aikinsa ya ƙara wa tayoyin baya birki in an yi wa mota lodi. Yana gane lodi ne ta yadda bodi ya matso kusa da gatari. In ka sauke motar, sai ya ɗauka an cika ta da kaya ya tura matsi baya, alhali ka cire kujeru bayan ya ƙara sauƙi. Sakamakon, tayoyin baya su riga na gaba kullewa, mota ta juya da kai a bakin kwana. Dole a sake saita shi bayan an sauke mota, kuma lokacin fitar da iska daga birkin baya a riƙe hannunsa a buɗe.

Wannan ya kawo mu batun saukewa. Milimita 30 zuwa 40 ya isa. Duƙa ka kalli hannun ƙasa na ƙafar gaba: muddin yana kwance daidai da ƙasa ko bakinsa na wajen taya ya ɗan fi sauka, kana lafiya. In ya ɗaga sama ta wajen taya ka wuce gona da iri, motar za ta ƙara kwanciya a kwana, sitiyari ya riƙa fizga a kan gargada, shokazoba ta riƙa dukan ƙarshenta. Kada a yanke sifirin. Sayi sifirin da shokazoba da aka yi su tare daga kamfanin da aka sani, sun fi masu arhar nan da ake murɗawa sama da ƙasa. Amma kafin su, sabunta ƙafar duka: bushin, boljoyin, tayarod, kawunan shokazoba, boris, robobin shaf, da mazaunan inji. A ɗaure notin bushin motar tana tsaye a kan tayoyinta, in an ɗaure tana rataye robar za ta murɗe ta yage. Boris ɗin baya kuma ba a matse shi tam: ana ɗaurewa har wasar da ke bayan notin ta riƙa ɗan motsi in an tura ta da bakin sukundireba, sannan a sa sabon fil.

A wajen alaimen, ka nemi kan tayoyin gaba ya kwanta ciki da kimanin digiri 2, bakinsu kuma ya miƙe sak ko ya buɗe waje da milimita 1 zuwa 2. Mota mai jan gaba tana son tafiya miƙe in an shiga kwana da gudu. Sandar hana kwanciya mai kauri a baya tana rage wannan, sai dai tana sa bayan ya zame in ka ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana. Bar ta sai ka saba da motar. In ka ga hoto tayar baya ta ciki ta ɗaga sama, kada ka damu, halin Golf ne.

Manyan rim ka manta da su. Inci 14 da taya 185/60 ko inci 15 da 195/50, ramuka huɗu 4x100. Rim mai inci 17 ya fi nauyi, yana tsawaita giya, yana cinye ɗan ƙarfin da kake da shi. Kuɗin ka zuba a taya, don babu wani abu guda da ke rage lokaci kamar ta. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Wadda ta wuce shekara shida ta bushe ko da zanenta bai taɓu ba. Iska tana hawa da bar 0.3 zuwa 0.5 in taya ta yi zafi, don haka da zafinta ake aunawa, da zarar ka fito, ana neman wajen bar 2.1 zuwa 2.3. Ja layin alli a kafaɗar tayar: in ya goge har gefe tana naɗewa, ƙara iska. Notin taya Nm 110 da sifana mai awo, kafin kowace fita.

Sai kejin bututun ruwa. A'a, Malam, ko kyauta ne. Bututun ruwa ƙarfe ne mai laushi da aka naɗe aka yi wa ɗinki, yana tsagewa ta ɗinkin in ya lanƙwashe, rufin zinc ɗinsa yana ɓata walda, hayaƙinsa kuma guba ne ga mai waldar. Appendix J na FIA, sashe na 253, wanda dokokin ƙasashe da yawa suka ɗauko daga gare shi, ya ce bututun ƙarfe marar ɗinki da aka ja a sanyi, mai ƙarfin N/mm² 350 aƙalla. Babban bakan da ke bayan kujerun gaba milimita 45 da kaurin 2.5 ko 50 da kaurin 2. Sauran sassa 38 da 2.5 ko 40 da 2. A lanƙwasa shi a sanyi da injin lanƙwasa, ba da wuta ba. Kowace ƙafa ta zauna a kan farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 da faɗin murabba'in santimita 120, wanda shi ma aka kama da lafiyayyen bodi. Walda ta zagaye kowane haɗi gaba ɗaya, har saman da ke manne da rufi inda hannu ba ya kai wa, kuma nan masu duba mota ke leƙawa da madubi. Ka sayi kejin da aka yi wa Golf 2 mai takardar shaida, ko ka kai wa wanda hukumar gasar ta amince da aikinsa, kuma ka nuna wa mai dubawa zanen tun kafin a yanka bututu.

Kayan kariya tare suke aiki, ba a ɗaukar rabi. Bel mai madauri shida yana riƙe ka a miƙe, in mota ta kife babu keji rufin zai same ka a haka. Keji kuma babu hular kwano, ƙarfe ne kusa da kanka, shi ya sa motar da aka yi wa cikakken keji ba ta dace da zirga-zirgar yau da kullum ba. Ko dai ka bar kujera da bel na kamfani, sababbi in sun tsufa, ka shiga gasannin da suka yarda da haka, ko ka yi duka: keji, soson keji na musamman mai tauri, kujerar tsere, bel, hula, da abin riƙe wuya. Madaurin kafaɗa ya tafi baya a miƙe ko ya sauka da abin da bai wuce digiri 20 ba, a ɗaure shi a sandar keji. In aka kai shi ƙasan mota a bayan kujera, a karo zai danne kashin bayanka. Madaurin tsakanin cinyoyi shi ke hana ka zamewa ta ƙarƙashin bel, don haka mai huɗu bai kai mai biyar ko shida ba. Kujera mai lambar 8855-1999 da bel mai 8853-2016 suna da wa'adin shekara biyar a dokar FIA, duba tambarin kafin ka sayi na hannu. Hula kuwa sabuwa, mai shaidar Snell SA ko FIA 8859.

Ƙananan abubuwan da ke mayar da mutum gida tun daga wurin duba mota: batir da ba a ɗaure da ƙarfe ba ko kansa mai wuta a buɗe, ramuka a bangon da ya raba inji da direba, rashin ƙugiyar ja gaba da baya mai launi mai haske, salansa mai ƙarar da ta wuce iyakar filin, da abin kashe gobara da aka maƙala da roba. Na hoda kilo 2 ake so, da maɗaurin ƙarfe, inda hannunka zai kai kana ɗaure. In ana buƙatar makashin wuta, sa mai ƙafa shida. Mai ƙafa biyu batir kaɗai yake yankewa, altaneta ta ci gaba da ciyar da inji, ya ƙi mutuwa, wutar kuma ta yi tsalle ta ƙone altanetar ko kwamfuta.

Ƙarfin da kake nema a turbo, wani ɓangarensa kyauta ne. Kilo 50 daga mota mai tan ɗaya kashi biyar ne cikin ɗari, daidai da ƙarin doki biyar ko shida, kuma birki da taya ma suna samun sauƙi, abin da turbo ba ta yi. Kujerun baya, kafet, rediyo, safaya, da kwaltar da aka manna a ƙasan mota don rage ƙara, in ajinka ya yarda a cire. Turbo kuwa ba ita kaɗai take zuwa ba: tana jawo sabuwar kwamfuta, manyan nozul, rage matsin silinda, kuloci, ƙarin sanyaya, da giyabos ɗin da muka riga muka ce yana da rauni. In bayan shekara guda kana gasa ka tabbatar inji ne ke riƙe ka, fara da difaransha mai hana taya ɗaya sulɓi, a motar da ke jan gaba ya fi ƙarin doki ashirin amfani a fitowa daga kwana.

Fitarka ta farko ta zama ta gwaji, a gasar zagaye robobi ko ranar atisaye, in da hali da mai koyarwa a gefenka. Yi zagaye uku ka shigo ka duba yoyo, notin taya, iska da zafin mai. Yi biyar ka sake dubawa. Zagayen ƙarshe na kowane zango ka yi shi a hankali ba tare da birki sosai ba, in ka tsaya kada ka ja hambirki, don fad mai zafi yana mannewa a diski, sa ta a giya ka tokare taya, ka buɗe bonet. Riƙe ɗan littafi kana rubuta iskar taya da zafi da lokacin kowane zango, kuma abu ɗaya tak za ka riƙa canzawa tsakanin fita da fita. A akwatin kayanka kada a rasa man birki, baƙin mai, fad na gaba, fanbel, tiyon ruwa na sama da na ƙasa, fis, da rilen famfon fetur.